Yadda Lambobina Suka Riga Ni Isa Anacha

Tun da na dawo daga kudu ban sha shayi da zafinsa a ofishin malamai ba. Da na zauna sai wata ta jawo kujera ta ce, "Malama Rabi, wai da gaske kin yi duba a Anacha?" In fara bayani, a buga ƙararrawa, ta tafi aji da rabin labari. Shi ya sa na rubuta shi gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Abin da ya kai ni kudu taron malaman lissafi ne a Inugu. Sun karɓi ɗan aikina, suka ce in zo in kafa shi a bango in yi wa masu wucewa bayani. Aikin a kan wani jerin lambobi ne: 1, 1, 3, 1, 7, 5, 11, 1, 23, 21, 59, haka dai har abada. Kowace lamba daga biyun da suka gabace ta take fitowa, ta irin tarawar da kwamfuta ke yi a cikinta, wadda ba a riƙe komai a ka. Jerin yakan yi ta hawa, sai ya faɗo kan 1, kuma ba ya faɗowa sai a mataki na biyu, na huɗu, na takwas, na sha shida, kullum ninkin na baya. Ni na samo gajeriyar hujjar da ke nuna dalili. Iyakar abin ke nan.

An buga mini shi a bana, irin ledar nan da 'yan siyasa ke sa hotonsu. Maigidana ya yanko bututun famfo, ya sa masa murfi gaba da baya, muka naɗe banar a ciki. Shi bai samu hutu a wurin aiki ba, sai ya ce in tafi da Kawu Iliya, yayan mahaifiyata, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai shanu kudu. Kawu ya amince nan take. Ya ce sai dai mu tashi da wuri, don za mu ɗan biya mu gaisa da mutane. Ban tambaye shi mutanen nawa ne ba.

A doguwar motar da muka shiga a Sabon Gari, Kawu ya gaisa da kowane layi kafin ya zauna. Wani ɗan kasuwa da ke gefenmu ya ga bututun ya tambaya me yarinyar take yi. Yarinyar ni ce, mai 'ya'ya huɗu.

Kawu ya ce, "Lissafi. Ka ba ta lamba biyu, ta gaya maka wadda za ta biyo baya."

Na buɗe baki zan gyara, sai na ga ba ƙarya ya yi ba. Na rufe.

A Lakwaja muka ci kifi, Kawu ya sa na ci waina har biyar, ya ce daga nan sai abin da Allah ya yi. Ya kuma gargaɗe ni cewa da mun haye gada an daina tambayar gajiya da iyali, gaisuwa kalma biyu ce, kada in ɗauka fushi ake yi da ni. A wani shingen bincike da hantsi aka sauke mu, wani mai kaki ya ɗaga bututun da yatsa biyu ya tambaya na wane ne. Na ce nawa. Ya ja da baya ya ce in buɗe da kaina. Kawu da kwandasta suka riƙe banar a bakin titi, mai kakin ya dube ta sama da ƙasa yana neman wani abu. Can ya tambaye ni wa ya mutu. Ashe a can irin wannan bana ta mamaci ce ko ta coci, kuma kowacce da fuskar mutum a jiki. Gawa takan yi watanni a asibiti ana shirin biki, har da anko. Na ce masa ba wanda ya mutu, lissafi ne. Ya ce mu tafi. Ina naɗewa na hango ƙaramin cikin masu kakin yana kwafar lambobin a tafin hannunsa da biro. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce zan gaya wa ɗalibaina yadda mutanen kudu suke son lissafi.

Wajen azahar na ga allo an rubuta Inugu. Na taɓa Kawu.

Ya ce, "Na gan shi. Yana nan, ba inda zai je."

Fatakwal muka wuce. Wani tsohon abokinsa mahauci, Alhaji Mamman, ya rasu, bai samu zuwa ta'aziyya ba. Daga tasha muka hau acaɓa, wanda su okada suke ce masa, ruwan sama ya tare mu a hanya. Ruwan can ba ya sallama, ba hadari ba iska, sai dai ka ji ka jiƙe. Murfin bututun ya faɗi a wata kwata, muka isa unguwar Borokiri bututun yana ɗigar ruwa kamar an buɗe famfon gaske.

Gidan haya ne mai dogon lungu, ɗakuna na kallon juna, ƙabila kusan biyar a tsakar gida ɗaya. Matar mamacin, Hajiya Asabe, ta sauke ni a ɗakinta. Dattawa suka zauna a baranda suka yi gaisuwa cikakkiya, ta gajiya, ta iyali, ta haƙuri, aka shafa fatiha, kamar a Kano. Sai ga jikokin gidan sun shigo, Abubakar da Nana, suka ce mini, "Anti, hawfa?"

Hajiya ta ce, "Kada ki damu, Hausar tana cikinsu. Sai an yi musu faɗa take fitowa."

Ta ba ni teba da miyar ganye mai wasu ƙananan dodon koɗi a ciki. Na tambayi yadda ake ci, aka ce tsotsa ake yi. Na tsotsa, ban samu komai ba, na ajiye da ladabi. Boli kuwa, gasasshiyar doguwar ayabar nan da kifi da manja, ba ni da abin cewa a kansa sai alheri.

Da safe muka shanya banar a igiya. Zanin Hajiya ya rufe rabinta na ƙasa, iyakar abin da ake gani daga 1 zuwa 59. Ina wanke baki wata maƙwabciya, Larai, ta tsuguna kusa da ni ta ce a hankali mijinta ya tafi aikin jirgin ruwa ya daina kira, ko zan duba mata. Na ce mata ni malamar makaranta ce. Ta ce ai ta sani, Kawu ya faɗa, ba a son a yi ta yayatawa. Wani tsoho ya sa tabarau ya daɗe a gaban igiyar, ya ce hatimi ne amma na zamani. Wani mai walda, ɗan garin, ya ɗauki hoto da wayarsa ya wuce.

Bayan kwana biyu Kawu ya ce mu kama hanyar Inugu, amma ta Anacha, tunda a kan hanya take. Wanda ya san taswira ya san ba a kan hanya take ba.

Anacha gari ne da kowa ke sauri, har wanda ke zaune. Muka nufi Kasuwar Ochanja wajen Musa mai albasa, wanda Kawu ya kawo kudu tun yana saurayi, yanzu da rumfarsa da furfurarsa. Tun daga nesa na ga mutane sun fi ashirin a gaban rumfar, 'yan dako da masu tura baro, yawanci mutanenmu, da 'yan gari kaɗan. Na ɗauka albasa ta yi araha. Muna isa aka buɗe mana hanya, wani ya karɓi bututun da hannu biyu.

Musa ya ja mu ciki ya nuna mana wayarsa. Ga banata a kan igiya, ga zanin Hajiya. A nan na fara jin labarin loto. Caca ce ta lambobi, ana zaɓar biyu ko fiye daga ɗaya zuwa casa'in, a biya a wasu 'yan rumfuna da ke kowace kusurwa, da yamma a fitar da waɗanda suka ci. Mai waldan nan na Borokiri ya buga 23 da 59, suka fito. Hoton ya bi wayoyi ya riga mu zuwa, tare da maganar Kawu, wadda a hanya ta girma ta zama wai ina sanin lamba kafin ta faɗo. Abin da mutanen ke so shi ne rabin da zani ya rufe.

Kawu ya zauna a kan buhu ya cire hula ya mayar. Musa ya ce kada in buɗe bututun ko da wasa. Ni kuma na yi abin da malami ke yi. Na ce a raina, in suka ga ba wani sirri, kowa zai iya fitar da lambobin da kansa, za su watse. Na sa aka share ƙasa, aka ba ni kwandon albasa.

Na zana gurabe a jere. Na ce gurbin dama ɗaya ne, na kusa da shi biyu, sai huɗu, sai takwas, kowanne ninkin na baya. Gurbi ko da albasa ko babu, ba a sa biyu. Albasa uku a jere, huɗu da biyu da ɗaya, bakwai ke nan. Albasa, fili, albasa, biyar ke nan. Na ce to ga bakwai ga biyar, muna neman ta gaba. A ɗauki tsohuwar, bakwai, a matsar da kowace albasarta gurbi ɗaya zuwa hagu, a jera ta ƙarƙashin biyar. Duk inda albasa biyu suka fuskanci juna, a kwashe su duka. Inda ɗaya ce, a bar ta. Na kwashe. Abin da ya rage takwas da biyu da ɗaya.

Wani daga baya ya ce, "Sha ɗaya."

Na ce, "Madalla. To yanzu biyar da sha ɗaya."

Ban kai ga 23 ba taron ya fara raguwa, yadda ajina ke yi ranar Juma'a. Wani ya ce wa abokinsa ɓoyewa take yi. Wani ya tafi da albasa biyu. Mutum ɗaya ya rage, wanda ya ce sha ɗaya ɗin. Sunansa Garba, magidanci ne daga wani ƙauye wajen Gumel, baro yake turawa. Ya tsuguna ya naɗe hannun riga, ya yi 21 da kansa, ya yi 59, ya yi kuskure sau ɗaya ya gano ya gyara ban ce komai ba. Ya tambaya in gurabe suka ƙare fa. Na ce a ƙara zana wasu. Ya yi godiya ya ja baronsa. Na ce wa Kawu na yi shekaru ina koyarwa ban samu ɗalibi mai nutsuwar wannan ba.

A gidan Musa muka kwana, ni a ɗakin matarsa, wadda ta yi mini tuwon shinkafa don ta ga alamar na gaji da tsotsa. Washegari da safe Musa ya dawo daga masallaci fuskarsa ba daidai ba. Garba ya tafi da tsakuwa ya ci gaba da jerin shi kaɗai, ya fitar da lambobin da ke bayan 59, ya zaɓi biyu, ya zuba musu duk abin da ya tara. Kuɗin komawa gida ne da na suna, matarsa ta kusa haihuwa. Bai taɓa buga loto ba sai ranar. Ko ɗaya ba ta fito ba.

Muka same shi a gaban rumfa zaune a cikin baronsa. Ya gaishe mu da kyau, ya tambayi kwanan baƙunta. Na ji albasar da na jera jiya tana mini yaji a ido, alhali ba wanda ya yanka ta.

Kawu ya ce wa Musa ya tara mutane bayan azahar. Aka taru a inda ake salla a bayan rumfunan, ni ina gefe wajen masu sayar da tattasai. Kawu ya miƙe ya yi sallama, ya ce caca haramun ce, kowa ya sani, ba wannan ya tashi faɗa ba. Ya ce shi ne ya yi wa 'yarsa kirari a mota, kirarin ya fi ƙarfinta.

Ya ce, "Yarinyar nan ba ta san komai ba. Lambobin nan ba sa kawo kuɗi, ba sa maganin ciwo, ba sa dawo da miji. Rabi, suna da wani amfani?"

Shekara uku na yi a kan aikin nan. Na ce, "Babu, Kawu."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Ba su da amfani."

Wani tsoho ya tambaya to me ya sa gwamnati ke biyana. Kawu ya ce wannan sai a tambayi gwamnati. Aka yi addu'a aka watse, wasu suna kallona da tausayi. Wata mai tattasai ta ba ni lemo kyauta.

Kawu ya ce wa Garba ya bar baron wajen Musa ya biyo mu, akwai wanda zai gani a Inugu. Garba ya ɗauki bututun a kafaɗa, muka shiga ƙaramar bas. Tsakanin Anacha da Inugu ba wanda ya yi magana sai wani mai tallar maganin basir.

Inugu gari ne mai tuddai da jar ƙasa, ya fi sauran sanyin hali. Muka sauka a unguwar Asata, gidan wani dillalin shanu, Alhaji Bawa, wanda ya rungume Kawu suka yi ta lissafa waɗanda suka mutu. Da safe aka kawo okpa, wani abu kamar alala a ganye. Na tambaya da me ake yi, aka ce gurjiya, kuma yawancinta daga wajenmu ake kawowa. Mu muna dafa ta mu ci da ɓawo a hannu, su sun mai da ita abin karin kumallon gari guda.

A wurin taron aka nuna mini bangona, a wani dogon baranda. Sai mai kula da ginin ya ce an yi sabon fenti, ba ƙusa, ba gam. Masu takarda sun samu allunan jingina, suka ƙare kafin a zo kaina. Kawu ya dubi Garba, Garba ya dubi Kawu. Kowa ya kama kusurwa ɗaya. Haka suka tsaya, Kawu cikin babbar riga da carbi a ɗaya hannun, Garba cikin rigar ƙwallo, ni a tsakiya ina bayani.

Mutane ba su yi yawa ba. Wani saurayi mai taye ya tambaya a ina ake amfani da wannan. Kafin in amsa Kawu ya ce da Turancinsa na kasuwar shanu, "No yus. No yus atol." Saurayin ya wuce. Amma wata tsohuwar farfesa, Inyamura mai farin gashi da sanda, ta ji, ta yi dariya har ta dafa bango mai sabon fenti. Ta ce wa Kawu irin wannan shi ne mai daɗin. Ta tsaya ta bi hujjar layi-layi da bakin sandarta, ta koma farko ta sake bi. Ta ce daidai ne, kuma gajere ne, ta ji daɗinsa. Sannan ta tambaya, in maimakon gurbi ɗaya aka matsar da tsohuwar lambar gurbi biyu, kuma aka ɗauko ta daga mataki uku baya, ina 1 zai riƙa faɗowa?

Na ce ban sani ba.

Ta ce ita ma. Ta rubuta mini adireshinta, ta ce duk wadda ta riga ta sanar da 'yar'uwarta. Kawu ya tambaye ni me ta ce. Na gaya masa. Ya ce, "Ita ma ba ta sani ba? Da furfurarta?" Ya sauya hannu, don kafaɗarsa ta fara ciwo.

Da la'asar muka raka Garba wajen da tirelolin shanu ke juyawa arewa bayan sun sauke kaya. Alhaji Bawa ya riga ya yi magana da wani direba da zai bi ta Gumel. Na ga Kawu ya ja Garba bayan mota, ya daɗe yana laluben aljihun ciki. Da suka fito Garba yana share fuska da gefen riga, Kawu kuma yana faɗa da direba a kan taya, wadda ba abin da ya same ta. Daga baya na gane kuɗin da ya ware zai sayo wa matarsa Inna atamfa a Anacha ne, har yau kuma bai gaya mata inda atamfar ta tsaya ba. Ni ma na ba da abin da ke jakata, Garba ya ƙi, sai da na ce na mai jego ne.

Ya sa ƙafa a kan taya zai hau, sai ya sauko ya dawo inda nake.

Ya ce, "Malama, in tambaye ki. Bayan hamsin da tara, na samu sha bakwai. Sai ɗari da uku, ta wuce casa'in, na bar ta. Sai sittin da tara. A ina na kuskure?"

Banar tana naɗe a hannuna, amma ba sai na buɗe ba. Na ce, "Ba ka kuskure ba, Malam Garba. Haka suke."

"Duka ukun?"

"Duka ukun."

Ya ce tun daren nan abin da ke cin ransa ke nan, ya ɗauka tsakuwa ɗaya ya ajiye ba a gurbinta ba, ya jawo wa iyalinsa. Na ce masa ko da ni na yi, abin da zan samu ke nan, kuma rumfar loto ba ta san da zamansu ba.

Ya ce, "To alhamdulillahi. A aji uku na bar makaranta. Ban taɓa yin lissafi ya fito daidai ba."

Direba ya danna ham. Garba ya hau ya zauna a kan katakon sama tare da wasu mutum biyu, ya ɗaga mana hannu har tirelar ta sha kwana. Kawu ya karɓi bututun daga hannuna, abin da bai yi ba tun daga Kano, ya ce mu yi sauri, akwai wani mutum ɗaya a Makurɗi da ya kamata mu gaisa da shi.